Kyau yana ƙara wa aiki wani abu, ko son zuciyar mai yi ne kawai?

Sadik Mai Manhaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma na san za ta tayar da ƙura. A wurin aikinmu an rabu gida biyu. Wasu na cewa muddin manhaja tana aiki a sake ta ta tafi, zaman gyara tsarin rubutun cikinta da daidaita launi da girman haruffa ɓarnar lokaci ne. Wasu kuma, har da ni, muna ganin duk abin da ya fito da muni to akwai matsala kwance a cikinsa ko da ba a gano ta ba tukuna. Masu sana'a da masu ilimi, me kuka gani?

Ɗan Adawa: Wa alaikumus salam. Son zuciya ne, Malam Sadik. Wanda ya biya ka aiki yake so, ba kallo ba. Masu zancen kyau yawancinsu neman hanyar ƙara kuɗi suke yi, ko kuma uzurin da za su bayar idan sun makara.

Baba Mai Wayarin: Yaro, da alama ba ka taɓa buɗe akwatin wutar da wani ya hargitsa ba. Ni idan aka kira ni gyara, ina ɗaga murfi na san irin ranar da zan yi. Wani akwatin za ka tarar kowace waya ta bi hanyarta, an lanƙwasa ta a kusurwa, an ɗaure su dami-dami, ja yana inda ja ya kamata, kowane fis da 'yar takardarsa an rubuta ɗakin da yake kai wa wuta. Wannan da yatsa nake bin waya har in kai ga inda ta ƙone. Wani kuma wayoyi sun cukurkuɗe, an yi ƙari a tsakiya an naɗe da salatif, launi ɗaya aka yi amfani da shi ko'ina domin shi ya rage a jaka. Duka biyun ranar da aka gama su wuta ta kawo, mai gida ya yi murna ya biya. Sai bayan shekaru, ranar da wani abu ya fara wari, ake sanin bambanci. Kuma abin da na lura, wanda ya tsaya ya jera wayarsa shi ne dai wanda ya tsaya ya ɗaure kowane noti tamau. Hannu ɗaya ne yake yin duka biyun.

Ɗan Adawa: Baba, da girmanka, wannan ai tsari ne kake faɗa, ba kyau ba.

Baba Mai Wayarin: Kira shi duk abin da ka ga dama. Ni dai in na gan shi raina yana yin fari.

Malama Hadiza: Bari in kawo abin da aka auna. A 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, sun zana fuskar na'urar cirar kuɗi iri 26, suka nuna wa mutum 252, suka ce kowa ya faɗi wadda ta fi kyau da wadda yake ganin za ta fi sauƙin amfani. Sai aka ga amsoshin biyu suna tafiya tare: wadda mutane suka ce ta fi kyau ita suke ɗauka ta fi sauƙi, fiye da yadda ainihin tsarin maɓallanta ya nuna. Wani mai bincike a Isra'ila, Noam Tractinsky, ya yi zaton wannan halin Japanawa ne kawai, ya maimaita gwajin a ƙasarsu a 1997, sai alaƙar ta fito ma da ƙarfi fiye da ta farko. Saboda haka Malam Sadik, mutumin da ya buɗe manhajarka ya riga ya yanke mata hukunci kafin ya danna komai.

Ɗan Adawa: Madalla, Malama, kin taya ni. Abin da kika faɗa shi ne kyau yana ruɗar mutane su zaci abu yana da sauƙi alhali ba lallai ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Wannan hujja ce ga 'yan talla, ba ga masu aiki ba.

Malama Hadiza: Rabin maganarka gaskiya ce, ba zan musa ba. Har masu gwada manhaja suna kuka da wannan, domin mutum zai yi ta fama ya kasa gano inda zai danna, a ƙarshe a tambaye shi ya ce ai ta yi daɗin amfani, saboda launinta ya burge shi. Amma ka duba ɗaya rabin. Wanda abu ya kwanta masa a rai yana haƙuri da shi, yana sake gwadawa idan ya ɓata. Wanda ya ga muni tun farko, kuskure ɗaya ya ishe shi ya rufe ya tafi.

Injiniya Bashir: Ni gadoji biyu zan ba ku, ku yi hukunci da kanku.

Ta farko gadar Tacoma a jihar Washington ta Amurka. An buɗe ta ranar 1 ga Yuli 1940. Tsakanin ginshiƙanta biyu mita 853 ne, amma kaurin ƙarfen da ke riƙe da titin bai wuce mita 2.4 ba. Zanen farko da aka yi mata ya fi haka kauri nesa ba kusa ba, sai aka ɗauki shawarar Leon Moisseiff, wanda a lokacin yana cikin manyan masana gadar rataye a duniya, domin tasa ta fi araha kuma ta fi siranta da kyan gani. Tun ana gininta ma'aikata suka lura tana rawa in iska ta kaɗa. Ranar 7 ga Nuwamba na wannan shekarar, wata huɗu da 'yan kwanaki da buɗewa, iskar da ba ta kai a kira ta guguwa ba ta murɗe ta har ta karye ta faɗa ruwa. Hoton bidiyon yana nan, duk ɗalibin injiniya sai an nuna masa.

Ta biyu gadar Salginatobel a Suwizalan, wadda Robert Maillart ya zana, aka gama a 1930. Baka ce ta kankare, mita 90, a kan wani kwazazzabo mai zurfi. Ita ma siririya ce har kana tsoron ta. Ita ma an zaɓe ta ne domin ta fi sauran zane-zanen da aka kawo araha. Yau shekara sama da casa'in tana tsaye, masu zanen gini suna zuwa kallonta kamar yadda ake zuwa gidan tarihi.

Duka biyun an rage kaya, duka biyun ido ya yaba. Bambancin, Maillart ya cire kankaren da ya tabbatar ba ya ɗauke da komai, ya bar shi a inda nauyi ke bi. A Tacoma an cire ƙarfen da lissafin wancan zamani ya ce ba a buƙata, alhali lissafin bai san yadda iska ke wasa da siririn titi ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai kimar abin da ya saba gani ya sani.

Sadik Mai Manhaja: Injiniya, wannan ta taɓa ni. Ke nan jin da nake yi cewa abu mai kyau daidai ne, ba abin dogaro ba ne?

Injiniya Bashir: Abin dogaro ne wajen nuna maka inda za ka fara dubawa, ƙanena. In zane ya fito mini da muni, nakan koma in sake lissafi, kuma sau da yawa akwai abin da na jibga ba dalili. Amma in ya fito da kyau, nan ma sai na sake lissafin, har ma na fi tsananta masa, domin na san zuciyata ta riga ta ba shi goyon baya.

Malama Zainab Fiziks: Wannan rigimar tamu ce a kimiyya, kuma har yau ba a gama ta ba. Paul Dirac a 1928 ya rubuta lissafin da ke bayyana halin elektiron. Lissafin ya fito tsaf, amma ya zo da wata amsa ta biyu da ba wanda ya nema, wadda ke nuna akwai wata ƙwaya mai nauyin elektiron amma cajinta kishiya. Bai goge ta ba. A 1932 Carl Anderson ya gano ƙwayar a ɗakin gwaji, ita ce fositiron. Shi ya sa a 1963 Dirac ya iya rubuta cewa samun kyau a lissafi ya fi muhimmanci a kan lissafin ya dace da gwaji. Wanda ya ci irin wannan nasara, wa zai hana shi faɗa?

Amma ni labarin masanin taurari Johannes Kepler nake ba ɗalibaina. A 1596 ya fito da wani tsari na sararin sama mai ban sha'awa: duniyoyi shida da aka sani a lokacin, da siffofi biyar na lissafi masu daidaitattun fuskoki a jere tsakaninsu, ɗaya cikin ɗaya. Ya ƙaunaci wannan tsari ƙwarai. Kuma kamar kowa tun zamanin Girkawa, ya yarda duniyoyi a cikakkiyar da'ira suke tafiya, domin da'ira ce siffar da ba ta da aibu. Sai ya samu awon tafiyar duniyoyi da masanin taurari Tycho Brahe ya shafe shekaru yana tarawa. Ya yi ta ƙoƙarin ɗora tafiyar duniyar Mars a kan da'ira, har ya kusa, saura bambancin minti 8 na kusurwa, wato kamar rubu'in faɗin wata in ya cika. Wani da ya ce kuskuren awo ne ya wuce. Shi ya san Tycho ba ya kuskure mai girman haka, sai ya jefar da da'irar. A 1609 ya wallafa cewa hanyar Mars mai siffar ƙwai ce, ba da'ira ba. Abin da ya zama mummuna a idon mutanen zamaninsa, daga baya Newton ya nuna daga doka ɗaya tak ta jan nauyi yake fitowa, kuma yanzu mu shi muke gani da kyau.

A zamaninmu ma, masana da yawa sun shafe shekaru suna jiran wasu ƙwayoyi da wata nazariyya mai kyan lissafi ta ce akwai su. An gina na'urar gwaji ta cibiyar bincike ta CERN mai kewayen kilomita 27 kusa da Janeba, ta gano ƙwayar Higgs a 2012, amma waɗancan har yanzu shiru.

Ɗan Adawa: To kun gani. Ɗaya ya ci, biyu sun faɗi.

Malama Zainab Fiziks: Kepler bai faɗi ba, ɗan'uwa. Neman tsari mai kyau ne ya zaunar da shi shekaru a kan lambobin da wani zai gaji ya watsar. Ba don wannan ƙishirwa ba, da bai kai ga minti 8 ɗin ba balle ya yi musu biyayya.

Hajiya Tela: Ku masu boko kun tafi sama, bari in dawo da ku ƙasa. Ni yarinya in ta kawo mini ɗinkin da ta gama, ba na duba gaba. Juya rigar nake yi in duba ciki. In ga kalmasa ta tafi daidai ko tana faɗi tana tsukewa, in ga an yanke bakin zare ko an bar shi yana reto, in ga inda hannu ya haɗu da jiki ko yadin ya tattare. Mai riga ba za ta taɓa juyawa ta duba ba, amma jikinta zai sani, domin nan ne ke ƙaiƙayi, nan ne ke fara ɓarkewa a wanki na uku.

Akwai kuma abin da ba wanda ya faɗa a cikinku. Ku duk mai saye kuke magana a kai. Mai yin fa? Lokacin da aiki ya yi yawa ana ta gaggawa, a ɗinka a miƙa, kuɗi suna shigowa amma in na tashi daga kan keke ji nake kamar an dake ni. Ranar da na samu sarari na yi riga ɗaya yadda nake so, ko bayana yana ciwo ina komawa gida da ƙarfina. Yaran da na ga sun dawwama a sana'ar nan su ne waɗanda za su farke ɗinkin da ba wanda ya ce su farke. Masu cewa "ai ba za a gani ba" ba sa daɗewa, sana'ar ke gundurar su.

Malama Hadiza: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wannan ita ce maganar.

Nas Maryam: Ƙari a kan ta Hajiya, ta ɓangaren inda mutum yake zaune. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa bincike a mujallar Science a kan majinyata 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibiti a Pennsylvania. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon itatuwa, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga fita da kusan kwana ɗaya, kuma sun fi ƙarancin neman maganin kashe zafi mai ƙarfi. Mutum 46 ba yawa ba ne, na sani, kada Ɗan Adawa ya riga ni faɗa. Amma duk wanda ya yi aikin dare a ɗakin da ba taga ya san yadda yake fitowa da safe.

Abba K.: Ni fa da na ga take na ɗauka kyan fuska ake nufi. Domin gaskiya a wurin ɗaukar aiki shi ke aiki.

Malama Hadiza: Ba shi ake nufi ba, amma ba ka yi ƙarya ba. Daniel Hamermesh da Jeff Biddle sun nuna a 1994, da bayanan Amurka da Kanada, cewa waɗanda aka ɗauka ba su da kyau albashinsu na ƙasa da na matsakaita da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ruɗin da ke kan na'urar cirar kuɗi ne ya hau kan ɗan Adam, kuma a nan zalunci ne tsagwaronsa, domin mai wayarin shi ya jera wayarsa, amma ba wanda ya zana fuskarsa. A buɗe masa zare daban, zai yi tsawo.

Mai Alƙalami: Salamu alaikum, na makara. Ɗan Adawa ya ce tsari daban, kyau daban, ni kuma a sana'ata ban san inda za a sa wuƙa a raba su ba. Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa a Bagadaza wanda ya rasu a 940, shi ake jingina wa auna haruffan Larabci da ɗigon alƙalami. Ka dangwala bakin alƙalami ya ba ka ɗigo, ka jera ɗigo ka samu tsawon alif, ka zagaye alif da da'ira, sauran haruffa duk daga nan za su ɗauki girmansu. Abin da wannan ya haifar ba ado kaɗai ba ne. Rubutu ya zama abin da za a koyar, magatakarda a gari daban-daban su yi hannu iri ɗaya, mai karatu ya daina tuntuɓe. Ibn al-Bawwab ya zo ya ƙara tace shi, Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa wajen shekara ta 1000 yana nan a ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin.

Shi ma Steve Jobs na kamfanin Apple a jawabinsa na jami'ar Stanford a 2005 ya ce ajin koyon kyan rubutu da ya shiga a kwalejin Reed, ba tare da sanin amfaninsa ba, shi ya dawo masa bayan shekara goma lokacin da suke ƙera kwamfutar Macintosh ta 1984, har ta fito da haruffa iri-iri masu daidaitaccen tazara.

Kuma mu tuna hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, da wani ya tambaya game da mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau, Annabi (SAW) ya ce Allah mai kyau ne, yana son kyau. Ya raba shi da girman kai.

Ɗan Adawa: Sallallahu alaihi wa sallam. Ba na ja da wannan, Malam. Amma tunda ka kawo Apple, kamfanin nan ne a 2015 ya fito da sabon allon maɓallai a kwamfutocinsa don su ƙara siranta, 'yar ƙura ta shiga harafi ya daina dannuwa. Sai 2020 suka gama janye shi, a 2022 suka yarda su biya dala miliyan 50 don a kashe ƙara. Ga gidan wasan Sydney a Ostareliya: an ƙiyasta dalar ƙasar miliyan 7, aka kashe miliyan 102, ba a buɗe ba sai 1973, mai zanen ma Jørn Utzon ya yi fushi ya bar aikin tun 1966. Tambayata ita ce, wa ke biya? Mai zane ya samu suna, wasu su ɗauki nauyi.

Injiniya Bashir: Ta Sydney kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu, yau ginin ne tambarin ƙasar gaba ɗaya. Amma tambayarka tana da ƙarfi, kuma zan ƙara maka wata: kyau a idon wa? Hassan Fathy a Masar ya gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor a shekarun 1940, da tubalin ƙasa da ƙubbobi, gidaje masu sanyi ba tare da na'ura ba. Masu zanen gini na duniya har yau suna yabonsa. Mutanen da aka gina domin su kuwa yawancinsu suka ƙi tashi daga tsohon mazauninsu, aikin ya tsaya ba a gama ba. Akwai dalilan abinci da sana'a a ciki, ba zane kaɗai ba, amma dai ba su ne suka nemi a gina ba.

Baba Mai Wayarin: Injiniya, akwai wani da ɗana ya taɓa nuna mini, wanda ya zana taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Ya ce ɗan sana'armu ne.

Injiniya Bashir: Harry Beck, Baba. Mai zanen layukan lantarki ne a hukumar jirgin. A 1931 ya zana taswirar kamar yadda kuke zana wayarin: layi a miƙe, ko a kwance, ko a karkace digiri 45, tashoshi a jere da tazara kusan ɗaya, ya watsar da ainihin nisan da ke tsakaninsu. Da farko hukumar ta ƙi karɓa, ta ce ya yi nisa da abin da aka saba. A 1933 aka buga ta, fasinjoji suka yi wawaso. Yanzu biranen duniya da yawa salonsa suke bi. Sai dai tana da nata aibin: baƙo zai hau jirgi ya canza layi don zuwa tashar da in da ƙafa ne minti kaɗan zai yi, domin a takarda ta yi masa nisa.

Malama Zainab Fiziks: Ni abin da ke damuna yanzu daban ne. Duk misalan da Baba da Hajiya suka kawo, kyan yana nuna cewa wani ya zauna ya ɓata lokacinsa, shi ya sa muke yarda da sauran aikin. Yau ɗalibi zai ba ƙirƙirarriyar basira umarni, cikin daƙiƙoƙi ta fito masa da rahoto mai tsari, da jadawali, da hotuna masu sheƙi, lambobin ciki kuwa ba wanda ya duba. Na fara kama kaina ina zargin duk aikin da ya cika kyau.

Hajiya Tela: Malama, ki juya rigar mana.

Malama Zainab Fiziks: Ina juyawa, Hajiya, cikin ma a goge yake. Sai na kira yaro na ce ya bayyana mini layi na uku da bakinsa.

Ɗan Adawa: To ni dai har yanzu ba wanda ya amsa mini wa ke biya. Malam Sadik, in shugabanku ya ba ku mako biyu, ka ce kana son na uku don gyaran da mai saye ba zai gani ba, daga aljihun wa makon zai fito?

Baba Mai Wayarin: Daga aljihun wanda za a kira gyara bayan shekara biyar, in ba a yi ba. Sau da yawa ni ne, kuma ba na yi masa ragi.